Amsa ga ƙanenmu mai son hawa Erta Ale

Assalamu alaikum. Ƙanena, sau biyu na karanta tambayarka. Ka ce aiki zai kai ka Adis Ababa, kana son ka ware kwana uku ka je Erta Ale, dutsen nan mai aman wuta a Habasha, ka ga narkakken dutse da idonka, wani dillali ya ce ka turo masa kuɗin duka tun daga Yamai, sannan kana tambaya ko mai fuka zai iya hawa. Wallahi da na zo kan maganar dillalin nan sai da gabana ya faɗi, don ta nan aka shigo mini.

Kada ka tura. Ka ji ni da kyau, kada ka tura.

Ni na je ne kafin yaƙin Tigrai ya ɓarke a 2020, lokacin daga Mekele ake tashi. Wani mutum a Adis, mai bakin zuma, ya karɓi kuɗina duka har da ƙarin na raƙumi, don na faɗa masa gwiwata ta dama ba ta da lafiya. Ya dafa ƙirji ya ce raƙumina na can yana jirana. Muka wuni cikin mota a ƙasar Afar, muka iso gindin dutsen da la'asar sakaliya. Sai rana ta faɗi ake fara hawa saboda zafi. Aka jero raƙuma, aka ɗora katifu da bidon ruwa, aka ɗora Turawa biyu, ni kuwa jagora ya duba takardarsa ya ce ba sunana. Na kira dillalin, ba layi a wurin. Na nuna rasit, ya ɗaga kafaɗa. Abin da ya faɗa ne har yau yake ci mini rai: wai ai ni ɗan Afirka ne, na saba da tafiyar ƙasa. Kuɗina bai fi na kowa ba, bai kuma kasa na kowa ba.

Tsayin dutsen mita 613 ne kawai, shi ke ruɗin mutane. Ba tsayin ke kashe jiki ba, nisan ne, lokacin da na je tafiyar fiye da awa uku ce cikin duhu a kan baƙin dutse mai kaifi kamar fasasshiyar kwalba. Ni da na tashi a Tawa na ɗauka ba zafin da zai ba ni tsoro. Zafin Danakil, hamadar da dutsen yake ciki, daban ne, ƙanena. Wani sashen ƙasar ya fi mita 100 ƙasa da bakin teku, ko da dare iska kamar daga bakin murhu take fitowa. Ruwana yana kan raƙumin da ya yi gaba. Bayan awa biyu gwiwar ta ƙi, na yi ta kira, fitilunsu suna ƙara nisa har suka ɓace. Jagoran ya ji ni, na tabbata ya ji ni. Na zauna a kan dutse, harshena ya bushe kamar ƙirgi, tocilata tana dushewa, na fara kalmar shahada ina tunanin ƴaƴana da mahaifiyata da ban ma gaya mata inda za ni ba. Na ce ke nan a nan za a tsinci gawata, ƙasar da ba wanda ya san sunan ubana. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Wani dattijon Afar mai jan raƙumin kaya ne ya zo daga baya, ya yi mini sallama, na amsa, iyakar yaren da ya haɗa mu ke nan. Ya ba ni ruwa, ya durƙusar da raƙuminsa ya ɗora ni. Allah ya saka masa da Aljanna. Shi kuwa dillalin, da na komo Adis lambarsa a kashe. Na yafe kuɗin, maganar jagoran ce na kasa yafewa.

Ruwanka ya zauna a bayanka, kada ka yarda a ɗora shi kan dabba. Ka zuba gishiri da sukari a kwalba ɗaya. Takalmi sau-ciki mai kaurin tafi, da tocila ta goshi da batir na biyu.

Maganar fuka kuwa, ita ta fi damuna. A bakin ramin hayaƙin farar wuta ke tashi, idan iska ta juyo da shi kanka, mai lafiya ma sai ya yi ta tari yana hawaye. Ka ga likitanka kafin ka sayi biyen jirgi, in ya ce a'a ka haƙura. In ya yarda, abin shaƙarka a aljihun gaba, kuma ka nemi takunkumi na hayaƙi na gaske, ba rawani ba.

Na ga wutar, ba zan ɓoye maka ba. Ja jawur a can ƙasa, tana motsi tana tsagewa kamar tuwo a tukunya, sai tasbihi na samu kaina ina yi. Amma tun aman da dutsen ya yi a farkon 2017 tafkin narkakken dutsen da ke cikin ramin ya canza, wasu hayaƙi kawai suke tararwa. Ka sa a nuna maka hoton makon nan. Kuma ka taka daidai inda jagora ya taka, don sabon dutsen da ya daskare akwai rami a ƙarƙashinsa.

Tsakanin Nuwamba da Fabrairu zafin ke sauƙi. Ba a shiga sai da rakiyar masu bindiga, a 2012 ma an kashe ƴan yawon buɗe ido biyar a wurin, kuma bayan yaƙin yawanci ta Samara, babban birnin Afar, ake bi. Af, in hanya ta bi da ku wajen masu saran gishiri ka tsaya ka kalla, ayarinsu sak na Bilma, har ƙwalla ya sa ni.

Ka gaya wa Hajiya inda za ka. In kun yi magana da kamfanin, ka sa su rubuta raƙumin da yawan ruwan a takarda, rabin kuɗi a hannu, sauran sai an sauko. Ka turo mini takardar in duba maka kafin ka biya ko dala.