Tambaya da Amsa: Shin laifi ne a zana barikin soja a taswira?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou da ke nan Damagaram. Ni da abokaina muna aikin sa kai na zana taswirar garinmu a OpenStreetMap, wato dandalin taswira na intanet wanda kowa ke iya yi wa gyara, kuma tun bayan ambaliyar 2024 muka duƙufa kan magudanan ruwa, famfuna da asibitoci. Yanzu aiki ya kai mu gab da katangar barikin soja. Wasunmu sun ce mu zana, tunda ana ganin wurin a hoton tauraron ɗan'adam, wasu kuma suna ɗari-ɗari. Mece ce shawararka?

Daga wani ɗalibi, unguwar Garin Malam.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa aikinku albarka. Shawarata ita ce ku bar barikin da kewayensa, kada ku zana, kada ku ɗauki hoto, kada kuma ku bi gefen katangar da GPS a kunne.

Aikin da kuke yi ba ƙarami ba ne. Steve Coast ya kafa OpenStreetMap a Ingila a 2004, amma duniya ta san darajarsa ne a Janairun 2010, lokacin da girgizar ƙasa ta ruguza Haiti, masu sa kai suka zana titunan babban birnin ƙasar cikin ƴan kwanaki, masu ceto suka yi aiki da su. Damagaram, garin da ruwan sama ya rushe masa tsohon masallacinsa na Birni a Satumban 2024, yana matuƙar buƙatar sanin inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya.

Sai dai hujjar abokanka ba za ta tsaya gaban alƙali ba. Kamfanin da ya ɗauki hoton yana wata ƙasa, hukumomin Nijar ba sa iya kai hannu gare shi, amma kai kana Garin Malam, kowa ya san ƙofar gidanku. Ban da haka, hoto yana nuna rufi ne da bishiya kawai. Ɗan gari ne yake sanin cewa wannan ƙofar ita ce ta shiga, wancan ɗakin na masu gadi ne, waccan hanyar kuma nan motoci ke fita da asuba, kuma da zarar ya rubuta waɗannan a taswira, ya mayar da hoton da bai ce komai ba ya zama bayanin da mai mugun nufi zai iya amfani da shi. An ga irin haka a Janairun 2018, lokacin da aka gano cewa taswirar manhajar motsa jiki ta Strava ta tona wuraren sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan, domin kawai sojoji suna gudu da na'urorinsu a kunne.

Akwai kuma abin da sababbin masu zane ba su cika lura da shi ba. OpenStreetMap yana ajiye tarihin kowane gyara tare da sunan da mutum ya yi rajista da shi da rana da sa'a, kuma kowa yana iya buɗewa ya gani. Ko ka goge abin da ka zana, tsohon zanen yana nan cikin tarihi, sai dai kwamitin kula da bayanai na gidauniyar da ke tafiyar da dandalin ya ɓoye shi. Gaskiya ne dandalin yana da alamar da ake yi wa filin soja, amma samuwar alamar ba izinin gwamnati ba ce, kuma gidauniyar da ke Ingila ba za ta zo kwamisariya ta yi belinka ba.

A nan gida, kundin hukunta laifuka yana hukunta tattara ko fallasa bayanan da suka shafi sirrin tsaron ƙasa. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka yi wa gyara a Yunin 2024, ta tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 5 da tarar sefa miliyan 2 zuwa 5 ga wanda ya yaɗa bayanan da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a. Kalmomin dokar suna da faɗi, kuma ba kai ne za ka fassara su ba. Ka tuna cewa Damagaram hedkwatar yankin tsaro ce, tana iyaka da Difa, inda aka kafa dokar ta-ɓaci tun Fabrairun 2015, saboda haka sojan da ya ga matasa suna zagaya katanga da waya a hannu ba zai fara da kyautata zato ba. Ni ban ga laifinsa ba, domin ransa da na abokan aikinsa yake karewa.

Ba mu kaɗai ba ne. Dokar Sin ta hana awon ƙasa ba tare da izinin hukuma ba. A Yukren ma, bayan ɓarkewar yaƙi a 2022, masu sa kan ƙasar da kansu suka roƙi jama'a su dakata da gyaran taswirarta.

Kafin ku sake fita, ku nemi takarda mai hatimi daga jami'a da ma'aikatar magajin gari, wadda ta faɗi sunayenku da unguwannin da za ku shiga da abin da za ku auna, ku kuma gaishe da mai unguwa ya san da zuwanku. Ku shata wa kanku iyaka nesa da bariki, ofishin jandarma, gidan kaso, filin jirgi da matatar mai ta SORAZ, kada kuma ku tashi jirgi marar matuƙi sai da rubutaccen izini. Idan magudanar da kuke bi ta ratsa gefen katangar soja, ku tsayar da zanen a nan, ku kai maganar ragowar ga hukumar taswira ta ƙasa, wato IGNN. Idan kuwa wani cikinku ya riga ya zana wani abu a wurin, ya daina taɓa shi, ya fara ganin lauya kafin ya rubuta wa gidauniyar neman a ɓoye gyaran.