Buɗe asusu a bankin Dubai daga Tahoua

Alhaji, ka tambaya ko za ka iya buɗe asusu a Dubai don biyan kuɗin kaya. Mazaunin Nijar sai da izinin ministan kuɗi, bayan BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta duba takardunsa. Ba tare da shi ba, laifi ne na karya dokar canjin kuɗi.

A ganina ba ka ma buƙatarsa. Kai takardar farashin kayan zuwa bankinka na nan, su yi wa cinikin rajista, su tura kuɗin. Yuro ya fi kwanciyar hankali, yuro ɗaya kusan sefa 656 ne kullum, dalar Amurka kuwa hawa da sauka take.

Duba sunan kamfanin da za ka biya da lambar SWIFT, wato lambar shaidar bankinsa, harafi-harafi. Harafi ɗaya ya kuskure, kuɗin na iya maƙalewa a bankin da suke bi ta cikinsa a hanya, a dawo da su an cire caji.