Yadda Ake Tunawa da Malami: Amsar Kawu ga Nasiru

Nasiru, saƙonka ya iso. Allah ya jiƙan malamin naku, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari. Ka ce yau kwana goma da rasuwarsa, shi ne ya koyar da ku lissafi a aji, da yamma kuma shi ke riƙe da usur a fili, kusan shekara talatin yana haka. Ka ce tsofaffin ɗalibai kun tara kuɗi ta WhatsApp, amma kanku ya rabu: wasu na son taron tunawa da kyandir da shirun minti ɗaya, wasu na son a gina kabarin a kafa allo, wasu kuma kofin ƙwallo da sunansa. Kana tambaya me al'ada ta ce.

Al'ada ba ta hana ku tunawa da shi ba. Jeri kawai gare ta, ku kuma kun faro daga wutsiya. Kofi shi ne na ƙarshe. Gidansa ne na farko.

Zaman makoki kwana uku ne, ya wuce, amma wanda bai samu zuwa ba ƙofar gaisuwa ba ta rufe masa. Kada ku ɗunguma ku hamsin cikin motoci. Ku zaɓi mutum biyar ko bakwai, har da wanda ya fi ku shekaru, shi zai yi magana. Ku aika tukuna a gaya wa babban ɗansa ko ƙaninsa, ku je da hantsi ko bayan La'asar. A zaure za a tarbe ku. Ku cire takalmi, ku zauna a tabarma, babbanku ya ce a yi salati, a yi addu'a, a shafa, sannan a bi mutanen gida da "ya haƙuri". Minti goma sha biyar ya isa. Ba a ɗaukar hoto, ba a ja da hira, kuma in an ce a kawo muku abinci ku ce kun ƙoshi, don sunna ita ce a kai wa gidan mutuwa abinci, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa a yi wa iyalan Ja'afar. Ku riƙa buhun masara ko shinkafa, jarkar mai, da gawayi ko itace. Matarsa tana takaba, wata huɗu da kwana goma, saboda haka ku maza ba ku shiga. Matan da ke cikinku su ne za su shiga ciki su gaishe ta, kuma su ne za su fito muku da ainihin halin da gidan ke ciki, abin da ba za a taɓa faɗa muku a zaure ba.

Bayan gaisuwa, mutum biyu su keɓe da ƙanin nasa su tambayi bashi. A wurin jana'iza akan yi shela cewa duk mai bin mamaci ya ga wane, amma masu kunya ba sa zuwa. Malamin makaranta bashinsa sananne ne: mai shagon unguwa, zubin adashi, rancen ƙungiyar malamai, wani lokaci har mai sayar da jesi da ƙwallo, don malamin wasanni yakan ci bashi da sunansa saboda yara. Hadisi ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya. In kuɗinku ya sauke wannan kaɗai, kun yi masa abin da kofi goma ba zai yi ba.

Ga wani wuri da masu niyyar alheri ke haddasa rigima ba su sani ba. Kuɗin da kuka kawo bayan mutuwarsa kyauta ce, ba ya cikin gado. In kuka miƙa ambulan kuka ce "ga shi na gidan Malam", gobe wani zai ce a zuba shi cikin rabo, wani ya ce na marayu ne. Ku faɗa da baki a gaban shaidu biyu, ku kuma rubuta: wannan na cefanen takaba ne, wannan na karatun wane da wance. In mata biyu ya bari, kowane ɗaki a ambace shi da nasa, a duba yawan ƙananan yara. Kuɗin makaranta kuwa ku biya shi a makarantar kai tsaye, zango zango, ku kawo wa uwar rasit. Sannan a cikinku ba za a rasa ma'aikacin gwamnati ko lauya ba. Ku ɗora masa bin haƙƙin Malam na fansho da giratuti: takardar shaidar mutuwa, takardun ɗaukarsa aiki da na ƙarin girma, sunan magajin da ya rubuta a fayil, da takardar kotu ta wakilcin magada. Zirga-zirga tsakanin Zariya da Kaduna ita ke sa iyalai da yawa su haƙura da haƙƙinsu.

Batun sadakar uku da bakwai da arba'in, ka san garin nan. A gidaje da yawa cikin Birnin Zariya ana yi: a dama gumba, a toya waina, a raba goro da dabino, malamai su sauke Alƙur'ani, izu sittin a raba wa mutum talatin kowa izu biyu. Wasu gidajen kuma ba sa yi, malamansu na ganin ware waɗannan ranaku bidi'a ce. Wannan ba gardamarku ba ce. Ku tambayi gidan abin da suke bi. In suna yi, ku kai gudummawar gero da shinkafa da mai kwana uku kafin ranar, ku halarta. In ba sa yi, kada ku kafa musu rumfa a ƙofar gida, ku yi sadakarku a ranar da kuka ga dama. Addu'a da sadaka ga mamaci babu wanda ya yi saɓani a kansu.

Kyandir da furanni da shirun minti ɗaya ba namu ba ne. Mintin nan ku cika shi da addu'a, ya fi amfanarsa. Gina kabari da siminti kuwa an hana, masu kula da maƙabarta ma ba za su bari ba. In kuna son ku taɓa wurin, ku tambaye su abin da ya ƙare musu: diga, shebur, tukwane ko itacen rufi, ganga ta ruwa, ko toshe inda katanga ta zube awaki na shiga.

Sai sadaka mai gudana. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya ce in ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Na biyun ya riga ya samu a jikinku. Na farkon ne za ku ƙara masa. Kowa zai ce burtsatse. Shawara mai kyau ce, amma ka zagaya makarantu ka ƙirga famfunan da suka mutu saboda robar da ke cikin famfo ta cinye babu mai sayen wata. In za ku haƙa, ku ware kashi ɗaya cikin goma na kuɗin don gyara, ku damƙa kula ga mutum ɗaya mai suna. In kuɗin bai kai ba, ku dasa itatuwa a gefen filin da ya sha rana a cikinsa: darbejiya ko maɗaci, cikin watan Yuli in ruwa ya zauna, tazarar mita shida zuwa takwas, nesa da layin fili don saiwa da inuwa kada su shigo. Rami kamu biyu a zurfi da faɗi, a cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki. Kowace bishiya a kewaye ta da ƙaya ko bulo, a ba aji ɗaya amanarta. Abin da ke kashe dashe shi ne ranin farko: ba ruwa daga Nuwamba zuwa Afrilu, ga akuya. Bokiti ɗaya sau biyu a mako ya wadatar.

Sa suna ma al'ada ce tsohuwa. Kwalejin Barewa, wadda ta faro a Katsina a 1921 ta dawo Zariya a 1949, gidajen kwanan ɗalibanta na ɗauke da sunayen waɗanda suka yi mata hidima, irin su Malam Bello Kagara da ya koyar a cikinta, da Mort, Baturen da ya shugabance ta. To ku rubuta wa shugaban makarantarku ku roƙi a sa wa fili ko gidan wasanni ɗaya sunansa. Makarantar gwamnati ce, sai ma'aikatar ilimi ta amince, kada ku rubuta allo kafin takarda ta fito. Mu kuma a gida hanyarmu ita ce takwara: wanda aka yi wa haihuwar namiji a cikinku ya raɗa masa sunan, a riƙa kiran yaron Malam saboda alkunya.

Yanzu kofi. Babu laifi a ciki, ga mutumin da ya shafe shekarunsa a fili ma ya dace. Sai dai a nemi iznin iyalinsa, a kuma bari takaba ta fita. Ba ya kyau ana ihun cin ƙwallo da sunan mutum matarsa na zaune a ɗaki.

Lokaci: Nuwamba zuwa Fabrairu. Damina tana jiƙa fili ta ɗage wasa, Maris da Afrilu zafi na kayar da yara, Mayu zuwa Yuli kuma manyan ɗalibai na kan WAEC da NECO. A duba kalanda kada ya faɗa cikin azumi. Shekarar farko ku tsaya a ƙungiya takwas, wanda aka ci ya fita: wasa bakwai ke nan, takwas in za a buga neman na uku, mako biyu an gama. Ƙungiya 16 wasa 15 ne, masu aikin sa kai kuma sukan gaji a tsakiya. Ku yi shi na makarantu, 'yan ƙasa da shekara 15 ko 17. Kofin unguwanni, a ce Tudun Wada da Sabon Gari, ko Samaru da Gyallesu, shi ke jawo caca da 'yan sara-suka, kuma ba ku da ƙarfin tsare shi.

A tashi wasa ƙarfe huɗu da kwata, bayan La'asar. Minti 35 kowane ɓangare da hutun minti goma, minti 80 ke nan. In an yi canjaras a tafi fanareti kai tsaye ba ƙarin lokaci, don a watse kafin kiran Magariba. Ƙwallo lamba biyar guda uku a kowane wasa, da famfo da allurarsa, saboda ƙasar hunturu da ƙaya na cin ƙwallo. Raga faɗinta mita 7.32, tsayi 2.44, ɗigon fanareti mita 11 daga layin raga. A binne ƙafafun turakun sosai ko a ɗaure su da ƙasa, don yara na lilo a jiki, ƙarfe kuma in ya faɗo kan yaro ba wasa ba ne. Layi a zana shi da toka ko farar ƙasa. A kewaye filin da igiya taku biyar daga layi. Ruwan leda jaka biyar a wasa, ashirin ashirin, ga 'yan agaji biyu da bandeji da ƙanƙara, ga mota ɗaya a tsaye da direbanta.

Abu uku ke kashe irin wannan kofi. Na farko sojan haya: makaranta ta kawo ƙato mai gemu ta ce ɗan aji uku ne. Maganinsa tun kafin a fara: kowace makaranta ta kawo sunaye 18 da hotuna, da sa hannun shugabanta da hatimi, a tantance su da rajistar aji, kuma kafin kowane wasa kyaftin ɗin abokan karawa ya duba fuska da hoto. Ƙorafi a rubuce cikin awa ɗaya bayan tashi, wanda aka kama an cire shi. Na biyu alƙalin wasa. Kada ɗayanku ya busa, komai iyawarsa. Ku ɗauko masu rajista daga ƙungiyar alƙalan wasa, a biya su kafin a take ƙwallo. Na uku kyautar kuɗi mai tsoka, ita ke jawo na farkon da na biyun. Ku ba da jesi, ƙwallaye, littattafai, da biyan kuɗin jarrabawar yaro ɗaya ko biyu. Ku ƙara kyautar ladabi ga ƙungiyar da ta fi ƙarancin kati, tunda ka ce Malam yakan zaunar da gwaninsa a benci in ya zagi alƙali. Kofin ya zama na zagaye, a dawo da shi wata ɗaya kafin gasa ta gaba, a rubuta hakan a takarda.

Mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankin a kai musu takarda mako biyu kafin farawa. Ɗan siyasa in ya kawo gudummawa a karɓa a gode, amma ban da fosta da hula, in ba haka ba shekara mai zuwa kofin ya koma sunansa. Kuɗi kuma kada ya kwana a asusun mutum ɗaya, ko da limami ne. A buɗe asusun ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, sai biyu sun sa a cire, kowane ƙarshen wata a tura hoton bayanin banki kowa ya gani. A nawa ganin, rabi ga gida da bashi, kashi uku cikin goma ga sadaka mai gudana, sauran biyun ga kofi, kuma daga cikin biyun nan a ɓoye na shekara ta biyu tun yanzu, don a shekarar farko kowa na da zafin rashi, ta biyu ce ake neman mutane a waya ba sa ɗauka.

Ranar buɗewa a kira limamin unguwa ya yi addu'a a tsakiyar fili, mutum ɗaya daga tsofaffin ɗalibai ya yi magana ta minti biyar kan halin Malam, babban ɗansa ya take ƙwallon farko. Ranar rufewa ƙaninsa ya miƙa kofi. A kai wa matarsa rabonta na abin da aka dafa har gida.

Ka fara da zaɓen waɗanda za su je gaisuwa a makon nan, ka turo mini sunan unguwar, wataƙila mai unguwar sananne ne a yi muku iso. Ka gaida mahaifiyarka da yara.

Kawunka.