Aikin mai ba jiragen ƙasa hanya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sai wanda ya taɓa tuƙa jirgin ƙasa ake ɗauka wannan aiki. A'a. Kamfanoni da dama kan ɗauki sabon hannu su horar da shi na wasu watanni, sai dai jarrabawar dokokin layin dogo ba ta da sassauci. Za a kuma gwada jinka da ganinka, musamman bambance ja da kore.

A ɗaki ake aikin, gaban allunan kwamfuta, ga rediyon sadarwa a gefe. A ce layi ɗaya ne, jirage biyu sun tunkari juna: kai za ka yanke wanda zai ratse ya jira, ka juya masa layi. Ga masu gyara can a kan dogo, ransu na hannunka, shi ya sa umarninka sai an maimaita maka shi kafin a motsa. Jirgin kaya mai nauyi kan ci fiye da kilomita 1 kafin birki ya tsayar da shi, don haka "na manta" ba ta da gurbi.

Abin da na fi jiye maka shi ne lokaci: aikin dare, ranakun hutu, sabon shiga kuma kiran gaggawa ba ya ƙare masa. Ka shawarci iyalinka kafin ka cike takardar neman aikin.