Me Ya Sa Ba A Furta "P" A Pneumonia?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar aikin jinya ce. An koya mana cewa ba a furta p a pneumonia da ptosis, amma malaminmu yana furta ta a apnoea da haemoptysis. Wanne ne daidai? Kuma yaya zan yi da dogayen kalmomi irin su choledocholithiasis?

Amsa: 'Yar'uwa, malaminku yana kan daidai. Kalmomin nan daga Girkanci suka fito, inda pneumon ke nufin huhu, kuma Girkawa suna furta p ɗin sarai. Harshen Ingilishi ne ba ya fara kalma da pn, pt ko ps, shi ya sa yake haɗiye ta in ta zo a farko: nyu-MO-niya, TO-sis. Amma in wata gaɓa ta gabace ta, sai p ta samu wurin jingina ta fito: ap-NI-ya, hi-MOP-ti-sis. 'Yan'uwanmu da ke karatu da Faransanci a Nijar ba su da wannan matsalar, domin Faransawa suna furta ta ko a farkon kalma.

Akwai wadda likitoci kansu suka rabu a kanta, wato apoptosis, mutuwar ƙwayoyin halitta da jiki ke tsarawa da kansa. Masu bincike Kerr da Wyllie da Currie, da suka shigo da ita fannin likitanci a 1972, sun so a bar p ta biyu shiru, amma yau da yawa suna furta ta. Duk wadda kika ɗauka za a fahimce ki.

Doguwar kalmar kuwa, kada ki haddace ta dunƙule. Yanka ta gaɓa-gaɓa yadda mahauci ke bin mahaɗar ƙashi. Chole ruwan matsarmama ne, doch abin da ke karɓarsa, su biyun suka ba da sunan bututun da yake bi. Lith dutse ne, iasis kuma cuta. Ma'ana, tsakuwa a bututun matsarmama. A irin waɗannan kalmomi ch sautin k take bayarwa, kamar a cholera, don haka ki ce ko-li-do-ko-li-THAI-ya-sis.

Ni a ganina sanin gaɓoɓin nan ya fi gyaran lafazi amfani a gefen gadon majinyaci. Wadda ta san lith, ranar da ta ga nephrolithiasis a katin mara lafiya ta san tsakuwar ƙoda ake nufi.