Amsa ga ɗana a kan gadar ruwan Segobiya

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ga hotunan. Ka ce mai yi muku jagora a Segobiya ta ƙasar Sifaniya ya ba ku labarin wai Shaiɗan ne ya gina gadar ruwan, wato doguwar gadar dutse da ruwa ke bi ta kanta ya shigo gari, a dare ɗaya, saboda wata yarinya da jidon ruwa ya ishe ta ta yi masa alkawarin ranta, sai zakara ya yi cara saura dutse ɗaya. Kana tambaya me ya sa suke riƙe da wannan tatsuniya, kuma wace al'ada ce ta sa suke tattalin ginin da ba sa ƙara shan ruwansa.

Ta tatsuniya mai sauƙi ce. Duk aikin da ya fi ƙarfin tunanin mutane, aljanu ake jingina wa, mu ma nan haka muke. Amma mutane ne suka gina ta, Rumawa, wajen ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2 miladiyya. Bakan gizo fiye da 160, wurin da ya fi tsayi kusan mita 28, kuma ba laka ba siminti, nauyin dutse ne ke riƙe da ɗan'uwansa. Ruwan daga kogin Firiyo yake tasowa, can cikin duwatsu, tafiyar kilomita 15 da wani abu, ba inji, gangara kawai.

Tambayarka ta biyu ita ta taɓa ni, don ka san shekarun da na yi a aikin ruwa. A wurin Rumawa ruwa yana da mai shi. A birnin Rum sarauta ce sukutum, kuma a shekara ta 97 aka naɗa wani dattijo, Furontinus, a kanta. Ƙarƙashinsa akwai bayi kusan 700 da ba su da aikin da ya wuce duba magudanai, kwashe datti da toshe tsaga. Doka ta hana gini ko shuka itace a jikin magudana, don saiwa na fasa ta. Famfunan unguwa kuwa dare da rana suke zuba, kowa ya ɗiba. Attajirin da ke son ruwa har gida sai da izinin sarki, a sa masa bakin bututu na tagulla mai awo, kada ya sha rabon wani. Ɓarayin ruwa ma akwai su tun lokacin, masu huda bututu a ɓoye, shi Furontinus ya yi kuka da su ƙwarai. Wallahi ranar da na fara sanin haka sai na ji kamar abokin aikina ne ke magana. Na sha ganin sabon famfo ya mutu kafin shekara uku, ba don ƙarfen ya gaza ba, don ba wanda aka ce nasa ne.

Mutanen Segobiya sun gaji wannan hali. A ƙarshen ƙarni na 15, zamanin Sarauniya Isabela, an sake gina bakan gizo 36 da suka rushe, aka bi fasalin na farko. Ruwa ya ci gaba da bi ta kai har cikin ƙarni na 20. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1985, a 1992 kuma aka hana motoci ratsa ƙarƙashinta, don hayaƙi da jijjiga na cin dutsen.

In ka koma, kada ka tsaya a dandalin da kowa ke ɗaukar hoto. Bi gadar sama har ka kai ɗan ɗakin da ruwa ke kwanciya yashi ya nutse kafin ya shiga gari. Ka kuma duba ƙananan ramukan da ke jikin duwatsun, nan awartakin ƙarfe ke kamawa a ɗaga su. Ka ɗauko mini hotonsu kusa da kusa, idona ya yi rauni.

Innarka na gaishe ka. Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo mana da kai lafiya.