Lufus da Hannu: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Likita, ni tela ce a Fagge, shekarata 29. Bara aka tabbatar mini ina da cutar lufus. Kullum da safe yatsuna kan sandare, sai hantsi ya dubi ludayi nake iya riƙe almakashi. Yanzu kuma na ga kamar suna karkacewa. Hannun nan mutuwa zai yi?

Malama, Allah ya ba ki lafiya. Lufus cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin da ya kamata ta tsare, kuma cikin masu ita goma, kusan tara mata ne, galibi masu shekarun haihuwa. Gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu na cikin wuraren da ta fi taɓawa, hagu da dama lokaci guda. Sandarewar safiyar nan alamar kumburi ce a cikin gaɓa.

Karkacewar kuwa, ga abin da nake so ki riƙe: a yawancin masu lufus ƙashin ba ya cinyewa. Jijiyoyin da ke ɗaure gaɓar ne ke saki saboda yawan kumburi, sai yatsun su riƙa kwantawa ta wajen ɗan ƙaramin yatsa. Shi ya sa in kika shimfiɗa tafinki a kan teburin yanka, ko kika miƙe su da ɗaya hannun, sukan miƙe. Amma in aka bar shi shekara da shekaru, yana iya ƙafewa a haka. Don haka kada ki jira ranar da aka rubuta miki a kati, koma wurin likitanki ki nuna masa. Ki roƙi a tura ki sashen gashin ƙashi, akwai a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, su koya miki motsa yatsu, su duba ko kina bukatar abin tallafe hannu da za ki riƙa ɗaurawa da dare.

A shago, ki fara da tsoma hannu cikin ruwan ɗumi minti goma. Ki naɗe mariƙin almakashi da ƙyalle ya yi kauri, ki kai almakashin a wasa shi, domin dakusasshen almakashi shi ke cin ƙarfin babban yatsa. Yanka mai yawa ki bar shi sai da rana. Ban ce ki bar sana'arki ba, kuma ba zan ce ba.

Da hunturu, in na yi alwalar asuba, yatsuna kan yi fari fat, su koma shuɗi, daga baya su yi ja suna zugi. Daga wata ɗaliba a Gwale.

'Yata, ƙananan hanyoyin jini ne ke tsukewa idan sanyi ya buge su. Wani likitan Faransa, Maurice Raynaud, shi ya bayyana wannan a 1862, sunansa ake kiran matsalar da shi. Ki ajiye ruwan ɗumi a fulas tun da dare, ki sa safar hannu a Adaidaita Sahu, ki rufe jikinki duka, ba hannu kaɗai ba. Idan miki ya fito a kan yatsa ko ya fara baƙi, ranar za ki je asibiti.

Matata na da lufus. Wata rana ta tuƙa tuwo lafiya lau, washegari ta ce ko muciya ba ta iya ɗagawa. 'Yan'uwana na cewa son jiki ne. Daga wani magidanci a Kurna.

Malam, na ji daɗi da ka tambaya maimakon ka yanke hukunci. Ba son jiki ba ne. Haka cutar take, ta lafa ta taso, kuma gajiyar da take sawa barci ba ya kawar da ita. Abin da ya fi ɓata mini rai a aikin nan shi ne in ga mace tana ɓoye ciwonta don gudun gori. Daka, tuƙi, matse wanki da ɗaukar bokiti da yatsu su ne suka fi wahalar da ita. A kai niƙa inji, a samo mai taya ta, tukunya ta riƙa ɗauka da hannu biyu. Shanya da tsakar rana ma a ɗauke mata, domin hasken rana na tayar da lufus. 'Yan'uwanka kuma kai ne za ka yi musu bayani, ba ita ba.

In ciwon ya tashi nakan sayi dikulofenak da furednisolon a kemis. Akwai laifi? Daga wata mai fama da lufus.

Akwai, Hajiya. Lufus kan taɓa ƙoda ba tare da an ji ciwo ba, dikulofenak kuma yana ƙara mata nauyi. Furednisolon da ake sha barkatai na jawo hawan jini, ciwon suga da lalacewar ƙashin ƙugu, sannan in an daɗe ana shansa, yanke shi kwatsam haɗari ne. Maganin da ke riƙe cutar shi ne haidroksikulorokwin, ana shansa kullum ko da an ji sauƙi, tare da duba ido lokaci-lokaci. Ki kwashi duk abin da kike sha ki kai wa likitanki, ki ce a gwada miki fitsari.